Yadda za ka sauya manhajar RMM ba tare da kwamfuta ko ɗaya ta kuɓuce maka ba

Duk mai kula da kwamfutocin mutane daga nesa, na ma'aikatar da yake wa aiki ne ko na kwastomomi, akwai ranar da zai ji manhajar RMM ɗinsa, wato manhajar da yake sa ido a kansu da sarrafa su da ita, ta ishe shi. Wani kuɗi ne ke korar sa, domin mafi yawan waɗannan manhajoji da dala ake biyan su, kuma tun da aka sakar wa naira mara a watan Yunin 2023 lissafin da yawa daga cikinmu ya birkice. Wani kuwa kamfanin da ya saba da shi ne ya koma hannun wasu, kamar yadda Kaseya ta sayi Datto a 2022. Wani kawai ya gaji da facin tsaro, wato gyaran da ake turo wa manhaja don toshe ɓaraka, da ba ya shiga, da ƙararrawar da ke tashin sa cikin dare a kan abin da bai taka kara ya karya ba.

Ga wanda bai daɗe a sana'ar ba, RMM kashi biyu ce. Akwai ƙaramar manhaja da ake sakawa a kowace kwamfuta, wadda zan riƙa kira wakili, akwai kuma allon kulawa inda kake zaune kana ganin su duka, kana tura faci, kana gudanar da umarni, kana shiga kwamfutar mutum yana Kaduna kai kana Kano. Wakilin nan a Windows yana aiki ne da ikon SYSTEM, wato babu ɗakin da ba shi da makullinsa. Sauya RMM ke nan tamkar sauya maigadin da ke riƙe da makullan gidajen mutane ne, kuma makullan amana ce a hannunka.

Saka sabon wakili a kwamfutoci ɗari uku aikin kwana ɗaya ko biyu ne. Abin da ke cin makonni shi ne gano ayyukan da tsohuwar manhajar ke yi maka shiru ba ka sani ba, da tabbatar da sabuwar ta kama kowace kwamfuta kafin ka saki tsohuwar. Wanda ya yi gaggawa a nan ya saki reshe ya kama ganye.

Takardar kwantiragi kafin komai

Kafin ka buɗe asusun gwaji a NinjaOne ko Atera ko wata, ɗauko kwantiragin da ke tsakaninka da kamfanin da kake shirin bari. Nemi abu uku: ranar da yake ƙarewa, ko yana sabunta kansa, da kwanakin sanarwa da dole ka bayar kafin ranar. Wasu kwana 30 ne, wasu 60 ko 90, kuma idan ka makara da kwana ɗaya za ka iya tsintar kanka a ɗaure na wata shekara. Daga ranar ƙarewar ka ƙirga baya. Ka ware wata biyu zuwa uku da za ka biya manhajoji biyu a lokaci guda, ka sa kuɗin a kasafi tun yanzu. Na san biya biyu na da ciwo, amma shi ne kuɗin da ya fi kowanne amfani a wannan aiki.

Duba kuma yadda sabon ke lissafi. Atera da Syncro da yawan ma'aikatanka masu shiga allon suke caji, NinjaOne da Datto RMM kuwa da yawan na'urori. Mai ma'aikata biyu da kwamfutoci ɗari huɗu lissafinsa daban ne da mai ma'aikata takwas da kwamfutoci ɗari. Idan Tactical RMM kake tunani, wadda kai za ka ɗora a sabarka, to ka sani ka ɗauko wa kanka kula da sabar, da facinta, da ajiyar kwafinta, da wutarta.

Ƙidaya

Fitar da jerin duk na'urorin da ke tsohon allo zuwa fayil ɗin CSV: sunan kwamfuta, lambar siriyal, kwastoma da reshe, nau'in Windows ko macOS ko Linux, mai amfani da ita, da ranar da aka gan ta ƙarshe. Lambar siriyal ce abin dogaro. Suna yana yaudara, domin za ka tarar da kwamfutoci biyu a wurare daban-daban an raɗa musu suna ɗaya, ko kwamfuta ɗaya da aka sake wa Windows ta bayyana sau biyu.

Kada ka tsaya a jerin RMM kaɗai. Gwada shi da jerin Active Directory ko Entra ID na kwastoman, wato kundin Microsoft na masu amfani da kwamfutocin ma'aikata, da jerin da ke allon antibairos. Inda jerin uku suka saɓa, nan aiki yake. Za ka ga kwamfutar da ke da antibairos amma ba ta taɓa samun wakili ba, za ka ga wadda aka sayar ko ta mutu shekara biyu da suka wuce kana ta biya mata. Duk wadda ta wuce kwana 30 ba a gan ta ba, sa ta a shafi na dabam, ka kira kwastoma ka tambaye shi ɗaya bayan ɗaya. Wannan shafin zai bi ka har ƙarshen aikin.

Tun da kana kan ƙidayar, yi wa masu Windows 10 alama. Microsoft ta daina ba ta facin tsaro na kowa da kowa a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma wannan dama ce ta zama da kwastoma a kan maganar.

Tono abin da tsohuwar manhajar ke yi a ɓoye

A nan nake so ka daɗe. RMM ɗin da ta shekara biyar a hannunka ta tara abubuwan da mutane daban-daban suka dasa, wasunsu sun bar aikin, kuma ba a rubuta ko'ina ba.

Na koyi wannan ne a wani ƙaramin asibiti da muke kula da shi. Mun yi ƙaura lafiya, kowa na murna. Bayan mako uku, da safiyar wata Litinin, shugabar ma'aikatan jinya ta kira ni. "Injiniya, ga marasa lafiya sun cika benci, kwamfuta ta ƙi buɗe katin kowa." Da na shiga sabar, faifan ya cika dam, ko numfashi babu. Ashe wani abokin aikinmu da ya tafi tuntuni ya taɓa rubuta ɗan sikirif, wato rubutaccen umarni, wanda kowane dare ke share tsofaffin fayilolin da manhajar asibitin ke tarawa. Yana zaune a cikin tsohuwar RMM, a ƙarƙashin wani suna da bai nuna aikinsa ba. Da muka kashe ta, shi ma ya mutu. Awa biyu mata masu ciki da yara na zaune suna jira, kuma laifin namu ne. Tun ranar ban ƙara barin wani sikirif ya wuce ban buɗe shi na karanta ba.

Saboda haka buɗe kowane sashe na tsohon allo da takarda a gefenka. Fara da ayyukan da aka tsara su riƙa gudana da kansu, na dare da na mako da na wata. Kowanne ka rubuta abin da yake yi, a kan waɗanne kwamfutoci, da ko har yanzu ana bukatarsa. Za ka zubar da fiye da yadda kake zato, kuma hakan alheri ne, ba a tarewa a sabon gida da sharar tsohon.

Waɗanda za ka ɗauka, kada ka yi tsammanin za su yi aiki haka kawai. Sikirif ɗin PowerShell tsantsa yana tafiya ko'ina, amma akasari an ɗaure shi da yaren manhajar da ya zauna a ciki. Na Datto RMM yana karɓar bayani ta hanyarsa, yana rubuta sakamako a gurabe na musamman da ake kira UDF, NinjaOne kuma tana da nata umarnin na rubutu a gurabenta. ConnectWise Automate ita injin sikirif ɗinta nata ne na kanta, abin da aka gina a ciki sai dai ka sake rubutawa daga tushe. Ɗauki kowanne, gyara layukan da suka dogara da tsohuwar, gwada shi a kwamfuta ɗaya.

Sai guraben bayanai. Nan ne mutane ke ajiye abin da bai kamata ya ɓata ba: kalmar sirrin babban asusun kwamfuta, lambar lasisi, da makullan ceto na BitLocker, tsarin Windows da ke kulle bayanan faifai. Makullin ceto lamba ce mai lambobi 48, kuma idan kwamfuta ta neme shi ba ka da shi, bayanan cikinta sun tafi ke nan. Ranar 19 ga Yulin 2024, da sabuntawar manhajar tsaro ta CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutocin Windows kusan miliyan 8.5 a duniya, waɗanda suka fi shan wuya su ne waɗanda suka rasa inda makullan nan suke. Fitar da su duka, ka ajiye a ma'ajiyar sirri mai kulle, kada a bar su a fayil ɗin Excel a kan laftof ɗin wani. Sa'an nan ka sa sabuwar manhajar ta sake tattaro su kai tsaye daga kwamfutocin. Umarnin manage-bde -protectors -get C: yana nuna maka makullin a kowace kwamfuta.

Abu na gaba, wanda ke kama mutane da yawa, shi ne lasisin da ka saya ta hannun RMM. Antibairos, manhajar ajiyar kwafi, da manhajar shiga daga nesa irin su Splashtop ko TeamViewer, sau da yawa a cikin kunshin RMM suke zuwa. Ranar da ka rufe asusu, su ma sun rufe. Antibairos zai daina sabuntawa, ajiyar kwafin za ta tsaya, kuma tsofaffin kwafin da ke sabar kamfanin za a iya goge su. Tambayi kamfanin a rubuce: idan na tafi, me zai faru da kwafin kwastomomina, kuma kwana nawa nake da su? Sabuwar ajiya ta fara, ka gwada dawo da fayil daga cikinta, kafin ka taɓa tsohuwar.

Ragowar ka bi su da sauri amma kada ka tsallake: haɗin da ke tsakanin RMM da manhajar tikiti, wato mai karɓar koken kwastoma, da ta lissafin kuɗi, rahoton wata da ake aika wa kwastoma da kansa, makullan API da ka ba wasu manhajoji don su riƙa magana da RMM ɗin, da kwamfutar da ke leƙa firinta da suwic da UPS ta hanyar SNMP, wato hanyar tambayar irin waɗannan na'urori halin da suke ciki, a kowane reshe. Tarihin faɗakarwa da na faci kuwa yawanci ba ya ƙaura. Fitar da rahotannin aƙalla shekara guda ka adana, domin akwai ranar da mai binciken kuɗi ko kwastoma zai ce ka nuna masa shaidar an yi faci a watan kaza.

Kulle sabon gida kafin ka kai kaya

Kafin kwamfutar kwastoma ko ɗaya ta shiga sabon allo, tsare shi. Tilasta tabbatarwa mai mataki biyu a kan kowane ma'aikaci, har da kai. Kowa da asusunsa, babu asusun tarayya. Yaron da ya fara aiki jiya ba ya bukatar ikon tura sikirif ga dukan kwastomomi. Idan manhajar na barin a taƙaita shiga daga wasu adiresoshin intanet kaɗai, yi amfani da shi gwargwadon yadda layinka ya ba da dama.

Dalilin wannan tsanani a bayyane yake. Ranar Juma'a 2 ga Yulin 2021 'yan ƙungiyar masu kutse ta REvil suka shiga ta wata ɓaraka a Kaseya VSA, manhajar RMM ta kamfanin Kaseya, suka yi amfani da wakilin kansa wajen rarraba manhajar garkuwa da bayanai. Kamfanonin da aka shiga kai tsaye ba su wuce kimanin 60 ba, amma ta hannunsu abin ya taɓa kasuwanci har kusan 1,500, kuma shagunan Coop kusan 800 a Suwidin suka rufe don na'urorin karɓar kuɗi sun tsaya. A watan Fabrairun 2024 an sake ganin irin haɗarin da ɓarakar ScreenConnect, wata manhajar shiga daga nesa, inda duk mai sabar kansa da bai hau zubi na 23.9.8 ba ya kasance a buɗe. Hanyar da kake bi ka gyara kwamfutoci ɗari uku a lokaci guda, ita ɓarawo zai bi ya lalata su.

Bayan tsaro, gina tsarin: kwastomomi, rassansu, rukunin saba da na kwamfutocin tebur da na laftof. Kada ka kwafe ƙa'idojin faɗakarwa na tsohuwar gaba ɗaya. Fara da kaɗan masu muhimmanci: faifai ya kusa cika, saba ta ɓace, ajiyar kwafi ta gaza, antibairos ya tsaya. A wurarenmu sai ka yi la'akari da wuta. Idan ka ce a faɗakar da kai da zarar saba ta yi minti ɗaya ba a gan ta ba, duk ɗaukewar NEPA da tayar da janareta sai wayarka ta yi ƙara, kuma cikin mako guda ma'aikatanka za su daina dubawa. Ba ta minti goma ko sha biyar, gwargwadon yadda ka san reshen. Kwamfutocin tebur kuwa ɓacewarsu da dare ba labari ba ne.

A sabuwar manhajar, bar faci a kashe tukuna. Zan dawo kan wannan.

Gwaji a gida, sannan a wajen wanda zai yi maka uzuri

Fara da kwamfutocin ofishinka, ka zauna da su mako guda. Daga nan ka zaɓi kwastoma ɗaya ƙarami mai haƙuri, ka gaya masa gaskiyar abin da kake yi. A cikin gwajin ka tabbata akwai tsohuwar kwamfuta mai rauni, da laftof da ke yawo, da Mac idan kana da su, da reshen da intanet ɗinsa ya fi kowanne wahala.

Abin da kake nema shi ne abin da zai tare wakilin. Antibairos na iya ɗaukar sa a matsayin ɓarawo ya kashe shi, kuma yana da hujja, domin tun Janairun 2023 hukumomin tsaron intanet na Amurka, CISA da NSA, suka yi gargaɗin cewa masu kutse na amfani da halastattun manhajojin RMM. Sa keɓancewar da kamfanin ya bayar, wato jerin fayilolin da antibairos zai ƙyale, a allon antibairos kafin turawa. Fayawol ɗin kwastoma na iya toshe adiresoshin sabon kamfanin ko da tashar 443, ƙofar da shafukan intanet masu tsaro ke bi, a buɗe take. Mac kuma ba za ta bar ka ka ga allon mutum ba sai shi da kansa ya amince da izinin ɗaukar allo, don haka kowace Mac tana bukatar ɗan kira a waya.

Gwada shiga daga nesa a kan layi mai rauni, domin manhajar da ke gudu a kan faiba za ta iya rarrafe a kan ƙaramin modem ɗin MTN ko Airtel a reshen ƙauye.

Tura sabon wakili ta hannun tsohon

Hanya mafi sauƙi ita ce tsohuwar RMM ta saka sabuwar. Kowane kwastoma, wani lokaci kowane reshe, yana da fayil ɗin sakawa ko lambar shaidarsa ta dabam. Kula da wannan sosai. Idan ka tura fayil ɗin makaranta zuwa kwamfutocin masana'anta, za su bayyana a ƙarƙashin makarantar, su ɗauki ƙa'idojinta, su shiga rahotonta.

Rubuta sikirif da zai duba ko sabon wakili na nan, idan babu ya sauko da fayil ɗin, ya saka shi shiru da msiexec /i da /qn, ya jira kaɗan, ya duba ko hidimar wakilin, wato ɓangarensa da ke aiki a bayan fage, ta tashi, sannan ya rubuta sakamako. A reshen da data ke da tsada, sauke fayil ɗin sau ɗaya a saba ko wata kwamfuta ta cikin gida, sauran su ɗauka daga can. Sa aikin ya riƙa maimaita kansa duk lokacin da kwamfuta ta dawo kan layi, saboda waɗanda ke kashe a ranar farko.

Tafi zango-zango, kwastoma biyu ko uku a rana, kwamfutocin tebur da farko, saba a ƙarshe. Duba kalanda kafin ka sa rana. Ƙarshen wata masu albashi ba sa son a taɓa musu komai. Makon Sallah da hutun makaranta rabin kwamfutocin a kashe suke. Yammacin Juma'a ba lokacin fara abu ba ne. Ka kuma kauce wa makon Talata ta biyu a kowane wata, ranar da Microsoft ke sakin facinta, wajen ƙarfe 6 ko 7 na yamma agogon Najeriya, don kada matsalar faci ta cakuɗe da matsalar ƙaura ka rasa wace ce wace.

Kowace safiya fitar da jerin sabon allo ka gwada shi da ƙidayarka ta lambar siriyal. Koren alama a allo ba ta isa shaida ba. Tura wa kowace kwamfuta ɗan umarni mara illa ta sabuwar manhajar, ka ga ta amsa. Idan ka ga kwamfutoci da yawa suna ɓullowa suna ɓacewa a gurbi ɗaya, alama ce an kwafi Windows ɗinsu daga hoto ɗaya, wato shiryayyen kwafin Windows, da wakili a ciki, sai a cire a sake sakawa ɗaya-ɗaya.

Gaya wa masu amfani tun kafin su gani. Saƙo gajere ya isa: alamar da ke ƙasan allo za ta sauya, ga hoton sabuwar, kuma babu wanda zai kira ku ya nemi kalmar sirri. Masu damfara suna son irin wannan lokaci.

Zaman kishiyoyi

Na ɗan lokaci wakilai biyu za su zauna a kwamfuta ɗaya. Za su iya zama lafiya in ka raba musu kwana. Faci a hannun ɗaya kaɗai, faɗakarwar da ke buɗe tikiti ma ɗaya kaɗai. Idan duka biyu na faci, ɗaya zai sake kunna saba yayin da ɗayan ke tsakiyar sakawa. Ranar da za ka miƙa faci ga sabuwar a wani kwastoma, kashe shi a tsohuwar da farko, sannan ka kunna a sabuwar.

Ga wani tarko da ba ya nuna kansa. Manhajojin RMM da yawa suna karɓe ragamar sabuntawar Windows ta hanyar rubutu a rajista, ma'ajiyar saitunan Windows, a ƙarƙashin HKLM\SOFTWARE\Policies\Microsoft\Windows\WindowsUpdate. Wasu suna sa NoAutoUpdate ya zama 1, wasu suna nuna wa kwamfuta wata sabar WSUS mai rarraba faci. Idan wakilin ya tafi, rubutun na iya zama, kwamfutar ta ci gaba da neman faci a sabar da babu ita, wata da watanni. Duba wannan wuri a kwamfutocin gwaji bayan ka cire tsohon, ka ga abin da ya bari, ka sa sharewa a cikin sikirif ɗin cirewa. Sai dai ka tabbata ba Group Policy ɗin kwastoma, tsarin da ke ɗora wa kwamfutocinsa saituna daga wuri ɗaya, ne ke rubuta shi da gangan ba.

Kada ka cire tsohon wakili daga kowane kwastoma sai sabuwar ta yi zagayen faci guda cikakke a wajensa ka ga sakamakon da idonka.

Cire tsohon, har saiwarsa

Da farko toshe hanyoyin da yake dawowa. Akwai Group Policy ko Intune, manhajar Microsoft ta sarrafa na'urori, da ke saka shi a kowace kwamfutar da ba ta da shi, akwai mai leƙen hanyar sadarwa da ke tura shi ga duk sabuwar na'urar da ya gani, akwai hoton Windows da kuke sakawa a sababbin kwamfutoci, akwai kuma filashin da ke aljihun ma'aikacinka. Idan ba ka kashe waɗannan ba, za ka cire da yamma ka tarar da shi da safe.

Na fi son yin cirewar daga sabuwar manhajar. Dalilina shi ne, idan umarnin ya isa, to sabon wakili na raye a kwamfutar, idan bai isa ba tsohon na nan, ban rasa hanyar shiga ba. Kada ka fara da goge na'ura daga tsohon allo. A wasu manhajojin gogewa na tura umarnin cirewa, a wasu kuwa sunan kawai ke ɓacewa, wakilin ya zauna maraya, yana da cikakken iko, babu mai yi masa faci, babu mai ganin sa. Ba na jin akwai abin da ya fi wannan haɗari a cikin aikin duka.

Bayan cirewa bi sawu da sikirif na biyu. Ya nemi hidimomi da manyan fayiloli, wato folda, da suka rage: na Datto RMM hidimarsa CagService ce, a babban fayil mai suna CentraStage, sunan da manhajar ta taso da shi, na Automate LTService ne da LTSvcMon mai gadinsa, wanda ke tayar da shi in ya faɗi, na Kaseya VSA kuwa AgentMon. Ya duba manhajar shiga daga nesa da ta zo tare da shi, domin cire wakili ba lallai ya cire ta ba. Ya duba asusun gudanarwa da tsohuwar ta ƙirƙira a kwamfuta, da ayyukan da ta tsara a Windows. Sannan ka koma allon antibairos da fayawol ka cire keɓancewar da ka yi wa tsohon, don babban fayil ɗin da antibairos ba ya leƙawa maɓoya ce mai kyau ga ɓarawo.

A kan saba, kada ka cire sai kana da wata hanyar shiga da ba ta RMM ba, ko mutum a wurin da zai iya tsayawa gaban ta.

Rufe asusu da 'yan baya

Idan jerin ya daidaita, sauya duk kalmar sirrin da ta taɓa zama a tsohon allo, soke makullan API, sauya kalmar SNMP. Idan sabar RMM ɗin taka ce, raba ta da intanet, ka ajiye kwafinta a kulle na wasu watanni kafin ka goge. Idan ta kamfani ce, aika sanarwar rufewa a rubuce cikin wa'adi, ka nemi su tabbatar maka a rubuce cewa sun goge bayanan. Sunayen ma'aikatan kwastoma da bayanan na'urorinsu na ciki, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora maka nauyin sanin inda suke.

Shafin nan na waɗanda ba a gani ba zai rage da 'yan kaɗan, kuma su sai an bi su da ƙafa. A ƙaurarmu ta ƙarshe laftof ɗin wani mai masana'anta ce ta rage, ya tafi Umara da ita ya zarce wata tafiyar kasuwanci. Na bar sunanta a allon bangon ofis da jan alli, na kuma roƙi sakatarensa ya kira ni ranar da ya dawo. Bayan wata biyu wayar ta shigo: "Injiniya, Alhaji ya shigo, amma ya ce ƙarfe sha biyu zai fita." Na hau babur zuwa Sharaɗa da filashi a aljihu, na gaishe shi, na ce, "Alhaji, a ba ni aron na'urar nan minti ashirin." A teburin sakatare na cire tsohon wakili da hannu, na share rajistar, na saka sabon, na jira har sunanta ya fito a allon wayata, na tura mata umarni ta amsa. Tana da faci na wata uku da ke jiran ta, sai na tsara su shiga da daddare, na roƙi Alhaji ya bar ta a jone da caja.